Tarihin Fadar Kenilworth: Tafkin Da Ya Gagari Sarki, Da Lambun Da Aka Yi Wa Sarauniya

Yau za mu leƙa tsakiyar ƙasar Ingila, yankin Warwickshire, kimanin kilomita 8 daga birnin Coventry, inda kangon wata tsohuwar fada ta jan dutse yake, mai suna Kenilworth.

Duk wanda ya je wurin a yau zai tarar da manyan bangaye marasa rufi, da wani ɗan lambu mai tsari a gefen arewa. In ya juya yamma da kudu kuwa, sai ya ga wani makeken fili shimfiɗe, ciyawa kore shar, ɗan rafi yana ratsa shi. Yawancin maziyarta ba sa kallon filin nan sau biyu, alhali kuwa asalin labarin a nan yake. Sama da shekara 400 ruwa ne kwance a wurin, tafki guda wanda hannun mutum ya tara. Da shi aka yi yaƙi, da shi aka ci abinci, da shi aka yi neman aure, kuma ranar da aka fasa madatsarsa ita ce ranar da fadar ta tashi daga gidan mulki ta koma kango.

YADDA AKA TARA RUWAN

Wanda ya san ganuwar tsofaffin biranenmu ya san cewa bango kaɗai ba ya isa tsaro, sai an haƙa gwalalo a bayansa. Turawan wancan zamani ma haka suka yi, sai dai da yake ƙasarsu mai yawan ruwa ce, sukan cika gwalalon da ruwa. A Kenilworth abin ya wuce gwalalo, ya zama tafki.

Wani bafaden Sarki Henry na Ɗaya, mai suna Geoffrey de Clinton, shi ya kafa fadar a shekarun 1120. Shi ne ma'ajin sarki, kuma an ba shi wurin ne don ya zama kishiya ga babban hakimin Warwick da ke maƙwabtaka, wanda sarki ba ya sakin jiki da shi. Ya zaɓi wani ɗan tudu da fadama ta kewaye, inda ƙananan rafuka biyu, Finham da Inchford, suke haɗuwa.

Daga baya fadar ta koma hannun sarauta. Tsakanin 1210 da 1216 Sarki John ya kashe sama da fam 1,100 a kanta, wanda a lokacin dukiya ce mai kauri. Ya kewaye ta da sabon bangon dutse, sannan ya ɗaga madatsar da ta tare rafukan nan biyu. Ruwa ya taru ya mamaye wajen eka 100, wato fiye da filin ƙwallo 50 in an jera su. Babban tafkin ya rufe yamma da kudu, wani ƙarami ya kwanta a ɗaya gefen madatsar, gwalalo kuma ya tsare arewa. Ita madatsar kanta, mai tsawon kimanin mita 150, ita ce hanyar shiga, da ƙofa mai tsaro a kowane ƙarshe. Ke nan duk mai zuwa, baƙo ne ko maƙiyi, dole ya bi ta kan siririyar hanya ɗaya, ruwa dama ruwa hagu, masu gadi suna kallonsa daga sama.

WATA SHIDA ANA ƘAWANYA

Ba a daɗe ba aka gwada ƙarfin ruwan. Sarki Henry na Uku ya damƙa fadar a hannun mijin ƙanwarsa, Simon de Montfort. Shi kuwa Simon sai ya zama jagoran manyan hakimai da suka yi wa sarki tawaye, suna neman a rage masa iko. An kashe shi a yaƙin Evesham a watan Agusta na 1265, amma magoya bayansa, sama da mutum 1,000, suka shige Kenilworth suka rufe ƙofa, suka ce ba su san zancen miƙa wuya ba.

A watan Yuni na 1266 sarki ya zo da rundunarsa ya yi musu ƙawanya. A wancan zamani hanyoyin cin fada mai ganuwa sanannu ne. Ko a haƙa rami ƙarƙashin bango har ya rufta, ko a turo doguwar hasumiyar katako a jingina ta da bango mayaƙa su haura, ko a yi ta jifan bangon da manyan majajjawa na katako masu cilla duwatsu. Ruwan nan ya lalata kusan duk dabarun. Ba a haƙa rami a cikin tafki, ba a tura hasumiya a kan ruwa, kuma faɗin tafkin ya hana a matso da majajjawa ta ɓangarori biyu. Ta arewa kaɗai aka iya matsowa, a nan kuwa na ciki suna da nasu majajjawan, suka yi ta mayar da martani. Har yau ana nuna wa maziyarta mulmulallun duwatsun da aka yi jifa da su, waɗanda aka tono a wurin.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai sarki ya sa aka jawo jiragen fito tun daga garin Chester, aka ɗauko su ta tudu, don a kai hari ta kan tafkin. Wannan ma bai yi ba. A ƙarshen Oktoba aka fitar da wata takardar sulhu da ta ba 'yan tawaye damar fansar filayensu da tara. Duk da haka sai a tsakiyar Disamba suka buɗe ƙofa, bayan yunwa da cuta sun gama cin ƙarfinsu. Wannan ƙawanya ta kusan wata shida tana cikin mafiya tsawo a tarihin Ingila na wancan zamani. Sarki ya karɓi fadar, amma ba wani sojansa da ya ƙetare ruwan da ƙarfi.

RUWAN YAƘI YA KOMA RUWAN HUTU

Sai dai kada mu ɗauka tafkin don yaƙi kaɗai aka yi shi. A shekarun zaman lafiya, waɗanda su ne suka fi yawa, tafkin rumbu ne. Yana ba da kifi, kuma kifi yana da daraja ƙwarai a lokacin, domin Kiristocin Turai ba sa cin nama a ranakun Juma'a da kwanakin azuminsu. Yana ba da agwagin ruwa, sannan ruwan da ke gangarowa daga madatsa yana juya injin niƙa.

Bayan tafkin kuma akwai dajin farauta, wanda aka killace aka zuba barewa a ciki. Irin wannan daji a Ingila alama ce ta mulki. Talaka ba ya shiga, wanda aka kama ya harbi dabba a ciki ya ɗebo ruwan dafa kansa. Naman barewa ma ba kayan kasuwa ba ne, kyauta ce da basarake yake aika wa wanda yake so ya girmama.

Sannu a hankali masu fadar suka fara gina ta don a riƙa kallon wannan ruwa da dajin. Ita madatsar da aka yi don tsaro ta zama filin wasan barade, inda mahaya biyu suke yin sukuwa da mashi jama'a na kallo. Tsakanin 1373 da 1380 John na Gaunt, ɗan Sarki Edward na Uku kuma attajirin da babu kamarsa a ƙasar, ya gina wani katafaren zauren liyafa mai dogayen tagogi, da wurin zama na dutse a gindin kowace taga. Mai tsoron kibiya ba ya yin irin wannan taga. An yi ta ne don haske, kuma don baƙo ya zauna ya ga iyakar abin da mai gida ya mallaka.

Jikansa, Sarki Henry na Biyar, wanda ya ci Faransawa a yaƙin Agincourt a 1415, ya ƙara gaba. A wajajen 1414 zuwa 1417 ya sa aka gyara wata fadama a can ƙarshen tafkin, kusan kilomita ɗaya daga fadar, aka yi masa gidan shaƙatawa na katako da lambuna a ciki, aka kewaye shi da gwalalo biyu, ɗaya bayan ɗaya, da 'yar tashar jirgi. Da kwalekwale ake zuwa. Gwalalon nan biyu ba su isa tare runduna ba, amfaninsu shi ne su raba sarki da hayaniyar fadawa da masu kawo ƙara. Daga baya Sarki Henry na Takwas ya sa aka kwance ginin aka mayar da katakon cikin fadar. Amma har gobe ana ganin sawun gwalalon a cikin ciyawa.

LAMBUN NEMAN AURE

Labarin da ya fi shahara ya faru ne a zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, wadda ta hau gado a 1558 ba ta da miji. A cikin fadawanta babu wanda ta fi so kamar Robert Dudley, wanda suka san juna tun suna yara. Matarsa ta rasu a 1560, an tsinci gawarta a gindin matakala, kuma tsegumin da ya biyo baya ya sa aurensa da sarauniya ya zama abu mai wuya. Duk da haka ta ba shi Kenilworth a 1563, ta naɗa shi babban hakimin Leicester a 1564, shi kuma bai fid da rai ba.

Dudley ya zuba dukiya a wurin. Ya gina sabon bene mai manyan tagogin gilashi don masaukin sarauniya, ya yi sabuwar ƙofa a arewa, ya faɗaɗa dajin farauta, ya kuma ɗora doguwar gadar katako mai tsawon ƙafa 600 a kan ruwa, don a fita daga fada kai tsaye zuwa daji. Sarauniya ta ziyarce shi a nan sau huɗu, a 1566 da 1568 da 1572 da 1575. Ziyarar ƙarshe ita ce gagarabadau. Ta sauka ranar 9 ga Yuli, ta yi kwana 19, kuma ba ta taɓa daɗewa haka a gidan wani bafade ba.

Da ta iso kan madatsar, sai ga wani tsibiri na katako yana yawo a kan tafkin da fitilu, wata mata a kai da shigar aljanar ruwa tana yi mata maraba. A kwanakin da suka biyo baya an yi wasan wuta a kan ruwan, an yi farauta, an haɗa karnuka faɗa da namun dajin nan da ake kira beyar har guda 13. An ƙera wani ƙaton kifi na katako, makaɗa suna ɓoye a cikinsa suna kiɗa yana tafiya a kan ruwa. Agogon da ke jikin babbar hasumiya kuwa tsayar da shi aka yi, wai don a nuna cewa lokaci ya tsaya saboda zuwanta.

Amma abin da aka keɓe mata ita da na kusa da ita shi ne lambun. Girmansa wajen eka ɗaya ne, bai kai filin ƙwallo ba, a arewacin babbar hasumiyar. Mai shiga zai fara fitowa ne a kan wani dogon dandamali mai tsayin ƙafa 10 da faɗin ƙafa 12, wanda daga kansa ake hango lambun gaba ɗaya kamar shimfiɗaɗɗiyar darduma. A kowane ƙarshen dandamalin akwai rumfa ta furanni masu ƙamshi. An raba lambun gida huɗu da hanyoyi, a tsakiyar kowane gida an kafa ginshiƙi mai tsini, tsawonsa ƙafa 15. An shuka furanni da ganyaye masu ƙamshi, da tuffa da ceri da sitiroberi, yadda mai yawo zai gani, ya shaƙa, ya kuma tsinka ya ci.

A jikin bangon arewa akwai kejin tsuntsaye mai tsawon ƙafa 30 da tsayin ƙafa 20, an yi masa zanen da ya yi kama da lu'ulu'u da yaƙutu, an zuba tsuntsayen Ingila da na ƙasashen waje. A tsakiyar lambun kuma aka kafa famfon ado na farin dutsen mabul mai kusurwa takwas. Gumakan ƙarti biyu suna tsaye baya da baya, sun ɗaga wata ƙwallo da ruwa ke fita daga cikinta yana zuba a kwatarniya, kifaye suna iyo. Har da wani ɓoyayyen makunni da in an murɗa shi ruwa zai fesa wa wanda ya matso kallo, don a yi dariya. Wannan salo daga Italiya da Faransa aka ɗauko shi, kuma a Ingila sabon abu ne a lokacin. Ko'ina ka duba kuma sai ka ga tambarin gidan Dudley, beyar riƙe da sanda, don kada sarauniya ta manta lambun wa take ciki.

To, me ya biyo baya? An shirya wani wasan kwaikwayo da zai fito fili ya yabi aure a gabanta, amma ba a yi shi ba. Ranar 27 ga Yuli sarauniya ta hau dokinta ta tafi, ba ta sake dawowa Kenilworth ba. Haƙar Dudley ba ta cim ma ruwa ba. A 1578 ya auri wata mai suna Lettice Knollys a ɓoye, abin da ya fusata sarauniya ƙwarai. Ya rasu a 1588, ita kuma ta rasu a 1603 ba ta yi aure ba.

RANAR DA AKA FASA MADATSA

A 1642 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da Majalisa, sojojin Majalisa suka riƙe Kenilworth. Bayan an fille wa sarki kai a 1649, Majalisa ta ba da umarnin a karya ƙarfin fadar don kada wani ya sake fakewa a ciki. Aka rushe bango ɗaya na babbar hasumiya, wanda yake fuskantar lambun, aka fasa wasu sassan ganuwa. Kanar Joseph Hawkesworth, wanda aka ba aikin, ya sa aka yanka madatsar. Ruwan da ya gagari rundunar Henry na Uku ya bi ta wannan gibi ya tsiyaye.

Hawkesworth ya mayar da ƙofar da Dudley ya gina gidan zamansa, shi da hafsoshinsa suka raba filayen, aka sare itatuwan dajin, aka mayar da ƙasar gonaki da makiyaya. A nan akwai abin dubawa ta fuska biyu. Ga mai son tarihi, an yi asarar ɗaya daga cikin manyan ayyukan ruwa na Ingila. Ga manomin yankin kuwa, eka 100 na ƙasa mai dausayi da aka nutsar shekaru aru-aru, da dajin da aka hana kakanninsa shiga don barewar basarake ta yi kiwo, sun dawo ƙarƙashin garma. Duka biyun gaskiya ne.

Bayan an maido da sarauta a 1660 fadar ta faɗa hannun gidan Clarendon, amma ba wanda ya sake gina ta. A 1821 marubucin nan Walter Scott ya fitar da littafin ƙagaggen labari mai suna Kenilworth a kan Dudley da matarsa da sarauniya, sai masu yawon buɗe ido suka fara tururuwa zuwa kangon. Sarauniya Victoria ma ta je a 1858. A 1937 wani attajiri mai ƙera motoci a Coventry, John Siddeley, ya sayi wurin, ɗansa ya ba garin Kenilworth kyautarsa a 1958, kuma tun 1984 hukumar English Heritage ce take kula da shi.

WASIƘAR DA TA DAWO DA LAMBU

Mai karatu zai iya tambaya, lambun da ya ɓace shekaru ɗaruruwa, ina aka san tsayin dandamalinsa da faɗin kejinsa? Amsar ita ce wasiƙa ɗaya. A cikin ayarin sarauniya na 1575 akwai wani ƙaramin ma'aikaci, Robert Langham, mai tsaron ƙofar zauren majalisar sarauniya. Bisa ga wasiƙar, wata rana sarauniya ta fita farauta, sai mai kula da lambun, wani mai suna Adrian, ya buɗe masa ƙofa ya shiga. Ya kalli komai, ya rubuta wa wani abokinsa ɗan kasuwa a Landan, har da awo. An buga wasiƙar, ta wanzu. Wasu masana suna ganin wani ne ya rubuta ta da sunan Langham, amma ko wane ne, ya bar bayanin lambun zamanin Elizabeth da babu mai cikarsa.

A 1975 an yi wani lambu a wurin, daga baya aka gane bai dace da bayanin wasiƙar ba. Tsakanin 2004 da 2006 masu haƙar kayan tarihi suka tona filin, suka tarar da harsashin famfon nan mai kusurwa takwas, da gutsattsarin farin mabul, abin da ya tabbatar da cewa mai wasiƙar ba shaci-faɗi ya yi ba. A kan wannan aka sake gina lambun, aka buɗe shi a 2009 bayan an kashe sama da fam miliyan 2, aka sassaƙa sabon famfo da mabul na Carrara ta ƙasar Italiya. An yi muhawara a kai, domin tonon bai nuna tsarin kwamin furanni ba, kuma ba a da zanen kejin ko na ginshiƙan, don haka wani ɓangare na abin da ake gani yau hasashen masana ne da suka kwatanta da lambunan Turai na wancan lokaci.

Abin lura shi ne, cikin abubuwa uku da suka ƙawata Kenilworth, wanda ya fi ƙanƙanta kuma ya fi rauni shi ya dawo. Gidan shaƙatawar Henry na Biyar, da babu wanda ya zauna ya siffanta shi dalla-dalla, ya tsaya a sawu cikin ciyawa. Lambun Dudley, da wani mai tsaron ƙofa ya shiga na ɗan lokaci ya rubuta abin da ya gani, yau ana yawo a cikinsa. Sarakuna sun kashe dukiya, amma alƙalamin ƙaramin ma'aikaci ne ya riƙe musu abin.

Tafkin kuwa, an sha kawo shawarar a toshe gibin a sake tara shi, amma ba a yi ba, domin filin yanzu yana da masu shi kuma aikin ba ƙaramin kuɗi zai ci ba. Sai dai a shekarar da ruwan sama ya yi yawa, rafukan nan biyu sukan cika su malala a tsohon gurbinsu, mutanen gari su fito su ɗauki hoton jan bango a cikin ruwa kamar yadda Sarki John ya bar shi. Bayan 'yan kwanaki ruwan ya bi ta gibin Hawkesworth ya wuce.

Mu haɗu a rubutu na gaba.